Keziah Ba Ta Kai Littafi na Huɗu Ba

Duk wanda ya san Lorna Pruitt a garin nan namu na tsaunukan Missouri a Amurka, da kwalin littattafai a hannu ya san ta. Doguwar mace ce siririya, mai ɗaure gashi tamau a ƙeya, ga ibada ga tsabta, ba a taɓa kama ta da gulma ba. Ba muguwa ba ce, wannan ko wanda ba ya ƙaunarta zai shaida. Abin da ya ci ta shi ne ta ɗauki rayuwarta kacokan ta ɗora a kan buri ɗaya: sai 'yarta ta fari, Keziah, ta fito daga hannunta tana rubutu irin wanda duk garin zai karanta ya yi tsit.

Surukarta ce ta dasa mata wannan buri, ba kuma da niyyar alheri ba. Shekarar da Keziah ta isa shiga makaranta, Lorna da mijinta Wendell suka ce yarinyar ba za ta hau motar makarantar gwamnati ba, a gida za a koyar da ita, kamar yadda yawancin iyalan cocinsu suke yi. Uwar Wendell kuwa, tsohuwa Opal, ta gama ƙuruciyarta kaf tana koyarwa a firamaren garin. Ana cikin cin abincin ranar Lahadi ta ji labari. Ta ajiye cokali, ta dubi Lorna ta saman tabarau.

"Ke za ki koya mata?"

"Ni, Mama Opal."

"To, lissafi dai kya lallaɓa, ai ƙirga ne. Amma rubutu? Lorna, katin gaisuwar da kika aiko min na Kirsimeti yana nan, na adana shi. In ɗauko a karanta?"

Aka kwashe da dariya, har Wendell ya murmusa kafin ya tuna matarsa ake yi wa. Lorna ta tashi daga tebur. Ta kwashe kwanuka ta wanke su ɗaya bayan ɗaya, maganar kuwa ta zauna mata a rai har tsohuwar ta mutu, har ma bayan ta mutu.

Abin takaicin shi ne yarinyar ba ta zo duniya hannu rabbana ba. Keziah tun tana tatata bakinta yake cike da labari. Wendell mai haƙa rijiyar burtsatse ne, kowace gona a yankin nan ruwansa take sha, kuma yakan ɗauke ta a akori-kurarsa in zai je duba wuri. In suka wuce saniya tsaye a bakin shinge, kafin su kai kwana ta gaba Keziah ta raɗa mata suna, ta yi mata miji, ta faɗi abin da ya haɗa ta faɗa da maƙwabciyarta. Wendell ya sha wuce gonar da aka kira shi saboda yana son jin ƙarshen labari. Sai ya dawo gida da taɓo har gwiwa yana ta dariya.

"Lorna, ki ba yarinyar nan takarda ta rubuta abin nan mana. Yau ta kashe min saniya ta kuma tashe ta."

"Za ta rubuta," in ji Lorna. "Sai ta san ƙa'ida tukuna."

Ƙa'idar nan a wurin 'Yar'uwa Charlene Voss ta samo ta. Charlene uwar yara tara ce, ita ce shugabar matan da ke koyar da 'ya'yansu a gida, kuma duk shekara in sanyi ya wuce ita ke shirya kasuwar tsofaffin littattafai a zauren coci. Nan kowace uwa take baje na bara ta nemi na bana. Lorna ta shiga wurin a karon farko kamar wadda ta shiga asibiti, tana tsoron taɓa komai. Charlene ta kama hannunta ta kai ta gaban wasu littattafai guda huɗu masu koren bango.

"Wannan za ki ɗauka, 'yar'uwa. Uku na farko nahawu ne zalla: suna, aikatau, sifa, inda ake sa waƙafi, inda ake sa aya. Na huɗu shi ne na ƙirƙirar rubutu. Kar ki kuskura ki bar ta ta tsallaka. Yaron da ya fara zuba surutunsa a takarda bai san nahawu ba, kuskure yake haddacewa, kuma ba ya fita. Je ki ga 'yan makarantar gwamnati."

"Ai tana da labarai da yawa, 'Yar'uwa Charlene."

"Ba za su ruɓe ba. Su jira." Ta buɗe littafi na ɗaya, fari fat kamar yau aka buga shi. "Kin gani? Yara shida suka yi karatu da wannan. Littafin da aka yi wa rubutu a ciki ya mutu, ba ƙani ba mai saye. Leda za ki ɗora a kan shafi, ta cike gurbin da maka, alƙalamin nan da ake iya goge tawadarsa, ki duba, a goge. Shi ke nan."

Haka aka yi. Kowace safiya bayan addu'a da karin kumallo, Keziah takan zauna a teburin kicin, shafi a ƙarƙashin leda, maka a hannu. Ta ja layi a ƙarƙashin suna, ta zagaye aikatau, ta cike gurbi. Lorna ta duba da littafin amsoshi a cinyarta, ta gyaɗa kai, yarinyar ta sa tsohuwar safar ubanta ta goge ledar tas, a juya shafi. Lorna tana son tsarin nan har ranta. Da littafin amsoshi a hannu ba mai iya cewa ba ta sani ba, kuma a gurbi amsa ɗaya ce kawai daidai.

Da dai a kan korayen littattafan nan aka tsaya, da wataƙila an kai na huɗu. Amma ana tsakiyar na biyu Keziah ta fara hamma da kuka, Lorna kuwa ta tsorata, ta ɗauka littafin ne ba shi da kyau. Ta bi ayarin mata zuwa babban taron masu koyarwa a gida a birnin Springfield, inda masu buga littattafai suke kafa rumfuna, kowa yana rantsuwa nasa ne zai fitar da uwa kunya. Wata mata mai murmushi har kunne ta nuna mata wata sabuwar manhaja da ake koyar da nahawu da waƙa. Lorna ta ce 'yarta ta yi nisa a wani, ko za ta fara daga na biyu?

"A'a, uwargida. Namu tsarin daban ne. Kowane yaro daga na ɗaya yake farawa, ko shekarunsa nawa. In ba haka ba za a bar rami."

Ramin nan shi ne dodon Lorna. Ta sayi na ɗaya. Masu buga littattafan nan ba wawaye ba ne, sun san uwar da ke koyarwa ita kaɗai a kicin ba ta da wanda zai ce mata ta yi daidai, don haka tsoro ne kayan da ya fi tafiya a rumfunansu. Bayan na waƙa aka yi na zane, wanda ake tsattsaga jimla a rataye kalmominta a kan layuka sai ka ce ƙayar kifi. Bayan shi aka yi na launuka, suna ja, aikatau shuɗi. Aka yi wanda duk jimlolinsa ayoyin Littafi Mai Tsarki ne, Charlene da kanta ta koma kansa, ta ce korayen nan ashe sun yi sassauci. Kowanne ya ajiye rubutu a littafin ƙarshe, kowanne kuma ya ce a fara daga na ɗaya. Keziah ta yi ta koyon mene ne suna har ta fara sa rigar mama.

Wata Lahadi, tana 'yar shekara goma sha biyu, Lorna ta ga lokaci ya yi da za ta rama. Bayan an ci kaza da dankali a gidan Opal ta sa yarinyar ta tsaya gaban kakarta ta feɗe nahawun wata doguwar ayar Littafi Mai Tsarki kalma bayan kalma. Keziah ta zuba ta ba gargada, ba ta tsallake ko ɗigo ba. Daɗi ya cika Lorna.

Opal ta tafa sau biyu. Ta jawo takardar goge hannu, ta zaro biro daga jakarta.

"Madalla, jikata. To rubuta min abin da kika gani a hanya yau da kuna zuwa coci. Layi uku ya isa."

Keziah ta dubi biron, ta dubi uwarta.

"Ba mu kai nan ba tukuna," in ji Lorna.

"Af. Yaushe za ku kai?"

"In mun gama wannan."

"Allah ya ba ni tsawon rai," in ji tsohuwar, ta mayar da bironta jaka.

A mota Wendell ya yi magana, shi da ba ya son faɗa ko na minti ɗaya. "Lorna, don Allah, ki sassauta. Ki bar ta ta rubuta shirmenta, in ya so ki gyara."

"Don uwarka ta samu abin karantawa a tebur? Wendell, kai rijiya kake haƙawa. Ka taɓa sa famfo ba ka kai ruwa ba?"

Ya ci gaba da tuƙinsa. Laifinsa ke nan a duk labarin nan, yana ganin gaskiya sai ya bar ta don a zauna lafiya.

Ba wanda zai iya cewa ga ranar da Keziah ta daina ba da labari. Ta dai daina. Tana shiga akori-kura ta jingina kai da gilashi, su wuce shanu garke garke ba ta tanka ba. Lorna ta ce girma ne, 'yan mata haka suke. Ƙannenta maza uku kuwa ba su dami kowa ba, sun gaji ledar da makar, sun cike gurbinsu sun gudu wurin injin ubansu, ita ma uwar ba ta sa musu rai ba. Opal ta rasu ba ta ga layi ukunta ba. Da Keziah ta kai sha takwas ta tattara kayanta ta koma Springfield, ta samu aikin karɓar baƙi a wani asibitin dabbobi. Takan kira waya ranar Lahadi, ta tambayi lafiya, ta ce a ba ta Baba. In mata suka tambayi Lorna a coci sai ta ɗaga kai ta ce, "Keziah ai tana da alƙalami. Aiki ne ya yi mata yawa. Wata rana za ku gani." Ta faɗa ta faɗa har ita ma ta yarda.

Wendell ya faɗi ne da rana tsaka a gonar wani, kusa da injinsa, ciwon zuciya. Kafin 'ya'yansa su kai shi mota rai ya yi halinsa.

A garin nan in mutum ya mutu iyalinsa ne suke rubuta labarin rayuwarsa a jaridar da ke fitowa duk Alhamis, kuma shafin nan kowa yake fara buɗewa. Ba a yin sa a gajarce. Ana sa sunan karen mutum, da kifin da ya yi ta ƙaryar ya kama, da waƙar da yake ɓatawa a coci. Mutane su karanta su yi dariya su share hawaye, su ce lallai wane ne. Mista Tolliver, mai gidan shirya jana'iza, ya zo har gida da baƙar kwat ɗinsa, ya tarar da falo cike da mata, kowace ta kawo kwanon abinci. Ya rage murya ya ce in iyali ba su da sukuni, akwai wanda suke da shi a shirye, sunaye da ranaku kawai za a cike.

Lorna ta miƙe tsaye. Idonta ya kumbura don kuka, amma muryarta ta fita har ƙofa, Charlene da sauran mata duk suka ji.

"Mun gode, Mista Tolliver. 'Yata za ta rubuta na ubanta."

Ba za a ce ba ta yi baƙin cikin mijinta ba, ta yi, har ƙashinta. Amma a ƙarƙashin baƙin cikin akwai wani abu da ya ɗago kai, ita ma ta ji shi ta kuma ji kunyarsa. Ranar da ta yi ta jira ce ta zo. Tolliver ya ce jarida tana rufe karɓa ranar Talata da yamma, ya ajiye takardarsa a kan firji ko da za a buƙata, ya tafi.

Da safiyar Talata Lorna ta goge teburin kicin, ta ajiye farar takarda da biro da kofin gahawa, ta zaunar da Keziah, ta ja ƙofa. Ta tsare falo tana karɓar gaisuwa, duk wanda ya nufi kicin ta tare shi. "Keziah tana rubutu," take cewa, a hankali, kamar mai cewa jariri yana barci. Azahar ta yi ta wuce. Da rana ta fara karkata ta kasa haƙuri, ta tura ƙofa.

Gahawar ta huce ba a taɓa ba. A saman takardar an rubuta "Babana", an soke. Ƙarƙashinsa an rubuta "Wendell Pruitt", shi ma an soke. Sauran fari fat.

"Ba ki fara ba?"

"Na fara tun safe, Mama."

"To ki daure mana. Ai kin san shi fiye da kowa. Ki rubuta yadda kuke yawo a mota."

"Yana nan duk a kaina. Ina ɗora biro sai in ji ina tambayar kaina wace irin kalma ce wannan, ina waƙafi zai zauna, in na sa wa zai duba. Kafin in gama tambaya maganar ta gudu."

"Haba Keziah. Ke da kika fi duk yaran garin nan sanin nahawu?"

"Na fi su. Kawo kowace jimla a duniya in feɗe miki ita. Ta wani dai, ba tawa ba." Ta ajiye biron. "Mama, sauka ɗakin ƙasa, kwalayenki suna can jere har rufi. Ɗauko min takarda ɗaya da na taɓa rubutawa a gidan nan. Ɗaya tak. In gani ko na taɓa iyawa."

Lorna ta ce, "Ai kin san yadda muke yi. Saboda ƙannenki ne."

"Na sani. Ni nake gogewa."

"Komai don ke na yi. Ban sayi riga ba, ban je ko'ina ba. Kullum ina neman wanda ya fi kyau."

"Don ni? Mama, Kaka Opal ta daɗe a ƙasa. Ba ta karanta jarida."

Maganar ta doki Lorna. Ta so ta yi faɗa, ta tuna falo cike yake da mutane, sai ta koma roƙo, abin da ba ta taɓa yi wa 'ya'yanta ba.

"Na riga na faɗa a gaban kowa. 'Yar'uwa Charlene tana zaune can. Ki rufa min asiri, ko layi goma ne. In akwai kuskure ni zan gyara."

Keziah ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Na san za ki gyara."

Ta tashi ta ɗauko takardar Tolliver daga kan firji, ta dawo ta zauna, ta gyara mata zama a gabanta. Ta ɗauki biron. Sunan mamaci. Ranar haihuwa da gari. Sunan iyaye. Sana'a. Ya rasu ya bar. Biron yana tafiya ba tsayawa, harufa a miƙe tsaf, kowanne a cikin gurbinsa. Kafin ruwan da Lorna ta ɗora a wuta ya tafasa ta gama. Ta juya takardar ta tura wa uwarta ta kan tebur, daidai yadda take yi tana ƙarama.

"Duba. Wannan kam kin koya min."

Ƙaninta ne ya kai wa Tolliver. Aka binne Wendell ranar Laraba, coci ya cika har waje, manoma da hulunansu a hannu. Keziah ta rungumi uwarta a bakin kabari, ta ce dole ta koma aiki, ta shiga motarta daga maƙabarta ba ta biyo ta gida ba.

Ranar Alhamis jarida ta fito. Charlene ce ta kawo ta da kanta, ta ce tsaf tsaf, 'yar'uwa, ba abin da za a ce a gyara, sannan ta yi sauri ta koma zancen kwanonta da ta bari. Wani tsohon manomi da ya zo ɗaukar ragowar bututunsa ya tsaya a ƙofa yana murza hula, ya ce ya ga na Wendell, ya ɗauka dai za a ɗan ƙara, mutum irin wannan. Lorna ta ce masa an gode.

Da gida ya watse ta zauna a teburin kicin ta buɗe shafin. Na Wendell yana can ƙasa, ɗan guntu, kusa da na wata tsohuwa da jikokinta suka cika rabin shafi da labarin kajinta. Lorna ta sa yatsa ta bi shi kalma bayan kalma, yadda ta saba duba aiki. Kowane waƙafi yana inda ya kamata, kowace aya ta zauna daidai, ba ta samu kuskure ko ɗaya ba. Ta koma farko ta sake bi a hankali, wannan karon tana neman mijinta, shi ma ba ta same shi ba.